Makullin Mota a Cikin Kwalekwalen Arvo Niemela

Arvo Niemela ya shekara talatin da ɗaya yana aikin duba gine-gine a garinmu na bakin tafki, kuma a iya binciken da na yi a kundin majalisar gari, ban ga baranda ko matakala ɗaya da ya amince da ita a zuwan farko ba. Da ya yi ritaya a shekarar 2006, abokan aikinsa suka ba shi kyautar kwalekwalen kayak, siririn jirgin mutum ɗaya mai rufi a sama, irin wanda ake aikowa a kwali, falle-fallen katako, mutum ya harhaɗa da kansa. Takardar da ta zo da shi ta ce aikin sa'a tamanin ne. Maƙwabcinsa Duane Pelkie, wanda Arvo ya taɓa sa shi rushe rumfar itace har sau biyu, ya shaida mini cewa ramuwar gayya ce aka naɗe a takardar kyauta.

Gangar jirgin ba ta ba shi wahala ba. A hunturun farko ya ɗinke katakan da wayar jan ƙarfe, ya bi su da gam, ya kafa bangaye biyu na ciki masu tsare iska gaba da baya. Rufin sama ma ya haɗa shi daban. Abin da ya rage shi ne a ɗora rufin a kan gangar a manne, kuma a nan aikin ya tsaya shekara tara. Dalilinsa shi ne, da zarar an rufe, ido ba zai ƙara ganin ciki ba, shi kuwa ya rantse ba zai huda rufin ya yi ƙofar ajiya kamar sauran mutane ba, domin a ganinsa ɓata katako ne. Kowace bazara yakan haska ciki da tocila, ya sami aibi, ya goge da sanfefa.

Duk tsawon wannan lokaci kwalekwalen ne ke kwana a gareji, mota a waje, matarsa Marlys kuma tana kankare ƙanƙara daga gilashin motar kowace safiya ta hunturu. A watan Oktoba na 2015 ta yanke hukunci a kan teburin karin kumallo.

"Maigida, ranar Asabar mota za ta kwana a gareji. In ba ta kwana ba, zan cika abin nan naka da ƙasa in shuka albasa."

"Marlys, ba a gaggawa da irin wannan aikin."

"Gaggawa? Jikarmu da aka haifa shekarar da kwalin ya zo tana aji huɗu."

Ranar Alhamis ya kira Duane ya kama masa. Ya rubuta jerin abubuwa arba'in da biyu da za a tabbatar an fitar daga ciki: filaya, fensir, tocila, har guntun waya. Suna cikin dubawa Marlys ta shigo da kofi da burodin kirfa, ta tsaya jim kaɗan wajen goshin jirgin, ta fita. Arvo ya dama gam, wanda minti ashirin da biyar kawai yake bayarwa kafin ya daskare.

"Yallaɓai sufeto, danna gefenka mana!" in ji Duane. "Gam ɗin nan bai san muƙaminka ba."

"Bari in sake aunawa."

"Auna me? Ka ga hannuna ya fara zama ɓangaren jirgi. Danna, mutumina, in ya karkace ni zan sa maka hannu a takarda."

Aka danna, aka ɗaure. Duk waɗanda suka ga haɗin sun yarda ba a taɓa yin mai kyansa a gundumar ba.

Safiyar Asabar suka ɗaga shi za su fitar, sai wani abu ya gangara a can cikin goshi, bayan bangon da aka rufe, ya yi ƙara. Arvo ya ɗauko jerinsa ya karanta daga ɗaya zuwa arba'in da biyu. Komai na waje. Sai ga Marlys a bakin ƙofa.

"Wa ya ga makullin mota?"

Shi kaɗai ne makullin, domin ɗayan ya faɗa ramin da ake hudawa a daskararren tafki don kamun kifi tun shekarun baya. Arvo ya nemi kwana uku ya zana inda zai yanka.

"Yau Asabar," in ji ta. "Ba makulli, mota ba ta shiga. Irin albasa kuwa yana cikin kicin." Ta miƙa masa zarto.

Cikin minti goma ya yanka ƙofar ajiyar a rufin jirgin, ba awo, ba fensir, ya ciro makullin. Ta karkace da rabin inci, na auna da kaina. Mota ta kwana a gareji. Washegari, da yake jirgin ya riga ya sami aibin da ba ya goguwa, Arvo ya yi wa ƙofar murfi, ya sa shi a ruwa ba tare da ya duba komai ba. Ya tuƙa shi bazara shida kafin rasuwarsa, ya sha gogar duwatsu da shi bai damu ba.

Yadda makullin ya shiga ciki, majiyoyina sun saɓa. Arvo ya tafi da imanin cewa daga aljihun rigarsa ya zame, kuma ya ƙara shi a jerin a matsayin na arba'in da uku. Duane ya ce Arvo bai taɓa makullin ba a makon nan. Na tambayi Marlys bara, a kicin ɗinta. Ta ce in sha kofina kafin ya huce.