Ummaru Kanike, Mai Jin Inji da Haƙori

Ana sallame sallar asuba Malam Ummaru kanike yake buɗe garejinsa da ke bakin hanyar Maiyama, a nan Jega. Ya share gindin darbejiya, ya jera sufanu a kan buhu, ya zauna. Tun rasuwar matarsa Gudiya, shi ke haɗa shayinsa, shi ke wanke kofinsa. 'Ya'yansa biyu sun bi sabuwar jiha zuwa Birnin Kabi, sai Sallah a gan su. Wani lokaci har azahar babu motar da ta karyo kwana.

Da ba haka yake ba. Lokacin da ƙananan motocin nan 'yan Kwatano masu ƙofa a baya suka fara cika Jega da Aliero, layi ake yi masa. Ya san ciwonsu kaf: kafireto mai shan ƙasa, kuloci mai ƙonewa, ƙafar baya da ke durƙushewa saboda an ɗora wa motar mutum huɗu buhu takwas na albasa. Kuma kuɗin gyara a baki ɗaya yake faɗinsa, ko mai rawani ne ko mai kwando. Da kunne yake aiki. Mota na shigowa zai ce, "Fulogi ne na uku," a buɗe a tarar haka ne.

Sai kunnen ya soma tafiya. Magana ta zaga tasha cewa tsoho ya kurumce, masu mota suka koma sababbin gareji. Ba wanda ya faɗa masa. Shi dai ya ga benci ya zama nasa shi kaɗai.

Ranar wata Laraba aka janyo masa motar Rufa'i, manomin albasa daga Aliero, wanda ya zuba albasar shekara guda ya saye ta. Tana zafi, tana ƙara, tana mutuwa a hanya. Gareji biyu sun ce inji ya tashi aiki, wani injin sai naira dubu goma sha takwas. Rufa'i ba ya da abin da ya kai haka sai fadamar da ya gada, har ya yi magana da mai saye, Jumma'a za a shaida ciniki.

"Baba, na zo ne dai don kar a ce ban zo ba," in ji Rufa'i.

"Mi ka ce?"

"Na ce inji ya mutu!"

"Wa yai mai wankan gawa? Tada shi in gani."

Mairama mai tuwo, wadda rumfarta ke kallon garejin, ita ta ga abin da ya biyo baya, har yau tana ba da labari. Inji ya tashi, Malam Ummaru ya kara kunne, bai ji komai ba sai gunji daga nesa. Ta ce ta ga fuskarsa ta canza, har ta kau da kai don kada ya san ta gani. Can sai ya ɗauko doguwar sukudireba, ya kafa bakinta a jikin inji, ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya rufe ido. Ya matsa gaba, ya sake cizo. Ya koma ƙasa, ya sake.

"Wanga inji ya fi ni lafiya," ya ce, yana tofar da yawu. "Kai, ina kake aje motar in ka koma gida?"

"Bakin rumfar albasa, inda mata ka gyara."

"Ruwan mi kake zuba mata?"

"Na fadama mana, Baba. Shi ag kusa."

Malam Ummaru ya kwance lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya ɗaga shi sama. Ɓawon albasa ya liƙe fuskarsa kamar an yi masa yaɓe, cikinsa kuwa laka ce tsantsa. Mota ba ta shan iska, ba ta shan ruwa, dole ta yi ihu. Ya wanke, ya canza gaskit da bel ɗin fanka. Naira ɗari shida da hamsin, har da ladan hannu.

Rufa'i ya tsuguna ya yi godiya. Fadamar tana nan, bana ma albasa ya zuba mata.

Malam Ummaru, kai ne ka ƙi cin gonar mutum alhali ba mai kama ka. Kai ne aka watse aka bari da darbejiya, ba ka tsare kowa da ƙorafi ba. Shekara talatin da huɗu hannunka cikin baƙin mai, haƙorin da ka ciji ƙarfe da shi ma ya soma girgiɗi, ga shi ka ce ƙarshen watan nan za ka naɗe buhun sufanu. Mun gode. Allah Ya saka maka, Ya jiƙan Gudiya.

Ku kuma masu sababbin gareji, kafin ku ce wa mutum injinsa ya mutu, ku tambaye shi inda motar take kwana. Duk wanda wannan tsoho ya taɓa tada wa mota, in ka biyo hanyar Maiyama ka taka birki, benci na nan da sauran wuri. In ka yi sallama bai amsa ba, kada ka juya. Matsa kusa ka dafa kafaɗarsa.