Hannun da Ya Tare Mini Rana

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba wani ne ya ba ni labari ba, kuma wallahi ko kalma ɗaya ban ƙara ba. A unguwar Adjamé Saint-Michel aka haife ni, lokacin kuwa ina aiki a wani shagon fotokofi kusa da babbar tasha, a shekarun nan da ƙasa ta rabu biyu. Ni dai tun ina ƙarami Allah Ya jarabce ni da kallon sama, har Innata kan ce wata rana sai na afka kwata ina ƙirga taurari. Jarabar nan ce ta kai ni wata ƙungiyar masu kallon taurari a unguwar Treichville, can ƙetaren gada, wadda wani tsohon malamin makaranta yake shugabanta, Tonton Koffi muke ce masa, wato Kawu Koffi. Muna da 'yar jaridarmu ta shafi huɗu, ni nake buga ta a shago, nakan kuma yi rubutu a ciki. Dokar tsohon ɗaya ce: ba ka rubuta komai sai abin da ka gani da idonka. Ni kuwa ido ɗaya gare ni mai aiki, na hagu ƙyanda ta lalata shi tun ina goye.

To, sai ga shekarar da aka yi husufin rana da hantsi. Tonton ya ce shi da sauran za su kalla a filin wata makaranta a Treichville, ni in kalla daga Adjamé in rubuto. Ya ba ni aron ƙaramin madubin hangen nesa. Na je kasuwar Black na sayo baƙin gilashin masu walda, na manna shi a bayan madubin, wajen da ake sa ido, ina ta jin kaina gwani. Ashe a gaba ake tare rana, in ba haka ba duk zafinta a kan gilashin yake taruwa.

Ranar na hau saman benenmu ni kaɗai. Haske ya fara dusashewa, ya koma wani iri, ba na magariba ba, ba na hadari ba. Iska ta yi sanyi, tantabaru suka dawo ɗaki, maƙwabtanmu 'yan ƙabilar Jula suna ta kaɗa kwanoni, maza suna sauri zuwa masallaci. Na ce Allahu Akbar, na sunkuya zan ɗora idon nan nawa guda.

Kawai sai wani hannu ya rufe bakin madubin, daidai wajen da zan sa ido. Na ji ƙas! kamar an taka kwalba. Ina ɗagowa sai ga Tonton Koffi a gefena, da rigarsa ta atamfa da tabaronsa mai igiya. Ya ce, "Doucement, mon petit, a hankali, ɗana. Ɗaya ya rage maka." Ya ɗauke hannu, na ga gilashin ya tsage gida biyu, wani farin haske siriri yana fitowa ta tsagar. Na kara takardar da zan yi rubutu, nan take ta yi baƙi ta huje. Na zauna daɓas ina salati. Da na juya in yi masa godiya, ba kowa. Matakalar benen ɗaya ce, Inna kuma tana zaune a gindinta tana jan carbi, ta ce, "Kai, wane Koffi? Ko kyanwa ba ta wuce ni ba."

Da la'asar na shiga woro-woro, tasin haya, na ƙetare gada zuwa Treichville. Na tarar da 'yan ƙungiya suna ta hirar husufi, kowa ya tabbatar mini tsohon bai motsa daga filin makarantar ba, shi ne ma yake yi wa mutane bayani har rana ta washe. Na miƙa masa hannu, ya ba ni na hagu. Na dama a naɗe yake da bandeji. Ya ce yana cikin magana ya ji kamar an dangwala masa sigari a tafi, alhali ba wuta a kusa. Ya kwance ya nuna mini: ƙuna ce 'yar kewayayya, a tsakiyar tafin.

Na rubuta komai kamar yadda ya faru na kai masa. Ya karanta ya ajiye takardar. Na ce, "Tonton, ai dokarka na bi, da idona na gani." Ya ce, "Je sais, na sani. Amma ni ban gani ba." Layi ɗaya tak ya bari aka buga, na gargaɗi a kan gilashin.

Har tsohon ya rasu ba mu sake tayar da maganar ba, amma duk gaisawar da za mu yi sai na ji tabon nan a cikin tafina, jikina ya yi yar. Ni ban san wa Allah Ya aiko mini ba, kuma na daina tambaya. Ku dai don Allah kada wanda ya kalli rana da gilashin kasuwa, ko da wasa. Idon da aka tare mini ranar, da shi nake rubuta muku wannan.