Kuɓewar Inna

Shekarar da Inna ta rasu, abin da Baba ya riƙe daga kayanta ɗaya ne: ɗan gora mai irin kuɓewarta, doguwa mai jan baki, wadda ta taho da ita daga gidansu a Yashe. Da ruwan farko ya sauka, ya juye goran duka a kusurwar gonarmu ta Fakuwa.

A lokacin ina tuƙa taraktar wani mai gida a Kankia, sabuwa, mai ɗakin gilashi da esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ni da na shekara goma rana na gasa ni a kan tsohuwa mara rufi, sai kaina ya kumbura. Bakanike ya ja mini kunne cewa injin ne ke juya kwamfaresa, gas ya kwashe zafin ɗakin ya fitar waje; in ina buɗe ƙofa sanyin zai gudu, ƙura ta toshe matacin iska. Na riƙe wannan magana gam.

Ranar da na je yi wa Baba haro, wato kaftun gona da tarakta, ya tare ni ya ce in kula da kusurwar gabas, kuɓewar Inna ta tsiro. Na ce to, bakina na kan bayanin kwamfaresa. Na shiga na ja ƙofa.

A cikin ɗakin nan ba ka jin komai sai fanka. A zagaye na uku na hango shi yana tahowa da sauri, yana kaɗa hula. Na ɗauka jinjina yake mini. Wallahi har hannu na ɗaga masa, ina murmushi, na wuce.

Da na sauko, na tarar da shi durƙushe a kusurwar gabas, inda na bi da tarakta, yana tona ƙasa da yatsu. Tsiro biyu ya samu, duk sun karye. Na so ya zage ni, bai yi ba. Ya miƙe ya dafa gilashin, ya ce, "Ashe har waje sanyin ke fitowa. Shi ya hana ka ji ni?"

Na zaga Yashe da Kusada ina cigiyar irin. Tsofaffi suka ce sun san ta, amma an daɗe da bari.

Abin na ci mini rai har yau. Baba ya rasu bara, kuma a cikin kayansa na sami goran, babu komai ciki, an toshe bakinsa da tsumma kamar yadda Inna ke yi.