Mijin Fulwanti Zai Yi Wa Kansa Sadakar Mutuwa

"Kin ji mai tukwane ya sa an mulmula masa shinkafar mamata?"

"Wa ya rasu a gidan?"

"Shi ne mamacin. Yau zai yi wa kansa sadaka a bakin kogin Ganga, ya ɗaura ƙyalle ruwan goro, ya bi masu gudun duniya."

"Da ƙafafunsa? To matar fa?"

"Rage murya, ga ta can a layi."

Fulwanti ta ji su sarai. Ta bar tulunta a bakin famfo ta nufi kogi.

Tun tana amarya aka kawo ta birnin Kashi. Ita ke taka yumɓu, mijinta Baijnat yana murza shi, yana fitar da 'yan kofunan shayi da ake sha a yar. A haka suka yi furfura, suka aurar da 'yarsu Gudiya can Patna. Kowa a unguwar ya san Fulwanti da tsoro. Biri ya diro kan rufi, sai ta ɓuya bayan Baijnat. A yi tsawa, bayansa. Kwale-kwale kuwa ba ta taɓa shiga ba sai da ta damƙe gefen rigarsa.

Bayan rasuwar ƙanensa ne ya fara zama wurin wani tsohon malami. Ya dawo ya ɗaga kofi.

"Uwar Gudiya, iskar cikin nan da ta waje, ina bambancinsu? Rai ɗaya ne a cikina, a cikinki, a cikin saniyar can. Shi ne Ubangiji."

"To ka ce wa saniyar ta zo ta taka maka yumɓu."

A lokacin dariya suka yi.

Yau ta same shi a matakalar ƙarshe ta bakin kogi, ruwa iya idon sawu. An aske masa kai, har da tukkun. Malamin na karatu a gefe, ga curin shinkafa a jere a kan ganye. Da zarar Baijnat ya sake su a ruwa, ba shi da suna, ba gida, ba mata. Ita kuma fa? Matar mamaci fari take sawa, a fasa mata awarwaro, a goge jan garin da ke tsagar gashinta, a daina gayyatarta biki. Amma ga mijinta yana numfashi. Wa zai yanke mata hukunci, matan famfo?

"Baban Gudiya."

Ya juyo da fuska a sake, irin kallon da zai yi wa kowace tsohuwa a hanya.

"Uwa, me ya firgita ki? Ina zan je? Ni da ke abu ɗaya ne."

Bai taɓa ce mata uwa haka kawai ba.

"Abu ɗaya ne, amma ni kaɗai zan rufe ƙofa."

Ya sunkuya zai ɗauki ganyen. Fulwanti ta taka cikin ruwan, ta zame mayafinta daga goshi.

"Tsaya. Har yanzu mijina ne kai. Kai ka sa min jan nan ranar aure. In tafiyar za ka yi, sa hannunka ka goge shi da kanka, kada ka bar wa matan unguwa."