Iska ko Ƙafa

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Birnin Kebbi, kuma ban taɓa zaton abin da nake karantawa a kan Japan da Koriya zai bi ni har zauren gidanmu a Gulma ba.

Yayana ya bar gida a shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa kaf. Ya bi masunta zuwa tafkin Chadi, da kifin da yake kamawa aka ci tuwo a gidanmu, da shi na gama makaranta. Yana can mahaifinmu ya rasu, fadamar gandu ta koma hannun Baffa, ƙanen mahaifinmu. Da zama ya gagara a tafkin, Yaya ya dawo da mata da ɗa, a rame, yana tari. Bai ce a raba gado ba. Ɗakin Baba ya roƙa, da ɗan yanki a fadama da zai dasa shinkafa.

Baffa ya sa aka share musu shagon baƙi na bakin zaure. Aka kai musu tuwo a kwanon da ake fitarwa don baƙi kawai. A gidanmu ba a cewa mutum ya tafi, wannan kwanon ne ke faɗa. Da Inna ta gaya mini a waya, ban tsaya ɓata lokaci ba. Na hau mota zuwa Argungu, na kama mashin zuwa gida.

A hanya na shirya hujjata, irin ta malamai. A zamanin da sarakunan Japan suka rufe ƙasarsu, sun kafa doka cewa duk wanda ya fita ya zauna a waje, in ya dawo kashe shi za a yi. Amma ko a lokacin, da su da Koriya, waɗanda ba su daɗe da gama yaƙi mai muni ba, sun yarda da abu guda. Masuncin da guguwa ta jefa gaɓar ɗayansu, za a ciyar da shi, a tufatar da shi, a sa shi a jirgi a mayar da shi wurin danginsa. Na zauna a gaban Baffa na zayyana masa duk wannan, na ce abokan gaba ma sun san masunci na da gida.

Ya saurare ni yana gyara bakin lauje, bai ko ɗago ba.

"To, malam," in ji shi. Ba ya kira na malam sai zai yi mini ba'a. "Mutanen nan naka suna da hankali. Ka ce wanda iska ta kwasa daban, wanda yat tahi da ƙahwatai daban. Shi wanga, iska ta kai shi?"

Na ce ambaliya ce iskarsa, kuma Baffa ya fi kowa sani, tunda ya ci kifin.

"Ruwa sun ci tawa shinkahwa ni ma. Ban tahi ba. Wanda bai taka laka da mu ba, ba shi da ko kunyan noma guda cikin fadamag ga."

Na ɗaga murya a zauren da ban taɓa ɗaga murya ba. Na ce wannan zalunci ne, ƙasa yake so ya haɗa wa 'ya'yansa, ya daina fakewa da laka. Dattawan da ke wurin suka yi ca a kaina, wai boko ya cire mini kunya. Ba wanda ya ce uffan a kan mutumin da ke tari a bayan bango yana jin komai.

Na ce mu kai ƙara wurin alƙali. Yaya ya ƙi. Ya ce ba zai tsaya da ƙanen ubansa a gaban mutane ba, ko da zai kwana a titi. Wannan ma ya ba ni haushi, shi da ladabinsa duka.

Yaya da iyalinsa suka biyo ni Birnin Kebbi, muka cushe a ɗakina. Wani tsohon abokin sana'arsa ya kira shi ya ce akwai aiki a wajen Yawuri, a jirgin wani. Na raka su tasha. Matarsa ta shiga mota da yaron, shi ya tsaya riƙe da ƙofa.

"Ƙanena, waɗanga mutane na littahinka, da anka hana su komawa. In sun mutu, ina aka bizne su?"

Na so in yi masa ƙarya, amma na san amsar.

"Can inda suke, Yaya."

Ya gyaɗa kai, ya ce in gaida Inna, ya ja ƙofar.