Baba Badaru, Mai Raka Mutane Gaban Lajna

Da an idar da sallar asuba a unguwar Nuzla da ke Jidda, Baba Badaru yakan goge tsohuwar tasinsa, ya shimfiɗa bargo a kujerar baya, ya ajiye matashi. Kusan kullum akwai wanda zai ɗauka, ko mai karyayyen ƙugu ko wanda inji ya ci wa hannu. Gaban lajna yake kai su, wato kwamitin likitocin da ke duba ko mutum ya cancanci fanshon naƙasa. Ya fi shekara ashirin yana wannan aiki: ya tuƙa, ya yi wa waɗanda ba su jin Larabci tafinta, in an ƙi mutum ya koma da shi ɗaukaka ƙara. Bana idanunsa sun yi rauni, 'ya'yansa sun karɓe makullin motar.

Cikin waɗanda ya raka akwai Abdulghaffar, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, wanda kaya suka danne wa baya. Yana da iƙama, wato takardar izinin zama, kamfaninsu yana biya masa inshora, amma da ya je gaban lajna shi kaɗai sai aka ƙi shi. Matarsa Zubaidatu ce ta zo ta tsaya a bakin ƙofar Baba Badaru.

"Baba, maigidan ko takalmi ba ya iya sa wa kansa, wai kuma lafiyarsa ƙalau. Kafili, ubangidansa na wurin aiki, ya ce ya koma aiki ko ya sallame shi. Ina za mu da yara?"

Da la'asar Baba Badaru ya je ya sami Abdulghaffar kwance a kan tabarma.

"Wace riga ka sa ranar?"

"Ta sallah, Baba."

"Sandarka fa?"

"Na jingine ta a ƙofa. Ya za a yi in shiga wurin manya ina dogarawa?"

"Sun ba ka kujera?"

"Sun ba ni, na ce a bari."

"Da suka tambaye ka jiki?"

"Na ce alhamdu lillahi, da sauƙi."

Baba Badaru ya yi dariya. "Wallahi ko ni ne likitan, aikin soja zan tura ka."

Ya sha ganin irin wannan. An tarbiyyantar da mu kada mu kai kuka gaban baƙo, mu yi ado in za mu wurin hukuma, mu ɓoye ciwo kamar abin kunya. Likitocin ba su zalunci kowa ba, abin da aka nuna musu suka gani.

Ranar ɗaukaka ƙara, a cikin mota, Baba Badaru ya ce masa, "Ban ce ka ƙara komai ba, ɗana. Kada dai ka rage. In aka sake ƙin ka, halas, shi ke nan, babu wata ƙofa."

Abdulghaffar ya yi alkawari. Amma suna shiga ya miƙe ƙyam, aka tambaye shi jiki, bakinsa ya sake cewa da sauƙi. Baba Badaru ya fassara yadda aka faɗa, don bai taɓa sauya maganar mutum ba. Sannan ya nemi izini.

"Likita, a tambaye shi yadda yake sallah."

Ya san mutum zai iya ɓoye ciwo, amma ba zai yi ƙarya a kan sallarsa ba. Aka tambayi Abdulghaffar.

"Tun da abin ya faru goshina bai taɓa ƙasa ba," ya ce. "A kujera nake yi, a cikin ɗaki. Masallaci ma na daina zuwa, don kada a gan ni."

Babban likitan ya taso da kansa ya duba bayan, ya sa aka sake ɗaukar hoto. Aka tabbatar da naƙasar, fanshon ya fito.

Baba Badaru, kai ne ka zauna a bakin ofisoshi cikin zafin Jidda saboda mutanen da ba danginka ba. Kai ne ka koya wa mazaje cewa faɗin inda ke ciwo ba rashin godiya ga Allah ba ne.

Kwanan baya Abdulghaffar ya je gaishe da Baba Badaru a unguwar Waziriyya, inda yake zaune wurin babban ɗansa.

"Baba, ya idanu?"

"Da sauƙi."

"Haba Baba! Ni za ka faɗa wa haka?"

Suka yi ta dariya, har tsohon ya yarda cewa da murya ya gane shi.

Mun gode, Baba Badaru, Allah ya saka maka da alheri. Tasin tana nan a ƙofar gida, bargon yana kujerar baya, kuma har yanzu akwai masu jingine sandarsu a ƙofar lajna. Wanda duk ya iya Larabci a cikinmu, ya tashi ya raka su.