Maganin idon Inna ya tafi aro

Na girgiza kwalbar maganin idon Inna, na ji wayam.

Sati biyu ke nan da yi mata aikin hawan jinin ido. Likita ya buɗe 'yar hanyar da ruwan idon zai riƙa fita, maganin nan ne ke hana tabo ya toshe ta.

"Inna, ina ya tafi?"

"Hajiyar maƙwabta ta aiko, jikokinta na ciwon ido. In ce mata a'a?"

Ashe kwana biyar maganin ya yi yana yawo cikin unguwar Kambarawa kafin a dawo da kwalbar. Yau likita ya ce hanyar ta fara rufewa, sai an sake taɓa idon. Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take.

Ku faɗa mani, jama'a, maganin mai gudun makanta turmi ne da za a aiko aro?